Daminar da Ta Mai da Ni Likitan Yara

Bana ruwa ya yi mana irin halinsa na da. Ya sauka da wuri, mutane suka ruga gona da iri, gero ya fito har ya kai gwiwa, sai sama ta bushe ƙaf. Ɗakin yara na asibitin da nake aiki a nan Isa ya cika har baranda, kamar yadda yake cika duk shekara idan rumbu ya yi ƙasa. Shekaranjiya da hantsi ina zagayen gadaje sai ƙanshin tafasa ya shigo ta taga. Wata mai jinya ce ke dafawa a bayan katanga, ta kuma cika mata kanwa. Na tsaya riƙe da abin sauraren ƙirji har nas ɗin da ke biye da ni ta ce, “Likita, lafiya?” Na ce lafiya lau. Ƙauyenmu Turba na tuna, da wata damina mai irin wannan hali, shekara talatin baya ko abin da ya yi kusa da haka.

A lokacin na gama karatun likita, na gama bautar ƙasa, na dawo gida in huta kafin jarrabawar shiga horon ƙwarewa. Wanda bai san aikinmu ba yana tsammanin likita likita ne kawai. A'a. Bayan duk wannan wahala sai an sake ce maka zaɓi fanni ɗaya, ka ba shi wasu shekarun, ka tsufa a cikinsa. Kuma fannin da ka zaɓa shi ke zaɓa maka garin zama. Abokina da ya ce shi sai tiyatar ƙwaƙwalwa, tun ranar ya san shi da ƙauyensu sai gaisuwar Salla, don kayan aikinsa ba sa barin manyan birane.

Ni kam na iso Turba da shawarata a ƙulle. Fannin mata da haihuwa za ni yi. Ina son aikin nan so na gaske, ba na jin nauyin faɗa. Hannuna ya iya shi tun ina ɗalibi. Babu abin da ya kai mini daɗin lokacin da aka fiddo jariri ya yi shiru, kowa ya riƙe numfashi, can sai ya tsala kuka. Ga shi kuma, a lissafina, kowane ƙaramin asibiti yana da ɗakin haihuwa. In yi horona a Sakkwato, in dawo Isa, ga aikin da nake so ga Inna kusa. Har tausayin abokaina nake ji, su da sai sun bar ɗaya.

Sai na yi bayanin Inna, mahaifiyata Hajo, don in ba a san ta ba ba za a gane sauran ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma uwarta Bafillata ce, don haka kunyar ɗan fari ta taru mata biyu. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Tumba, yayar babanmu, wadda ke zaune a sashenta cikin gidan, ita ce kuma ungozomar unguwarmu. A ɗakin Goggo na tashi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. In ina wuri, ni ne “yaron Goggo”. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa Goggo, ko ƙanena Garba, in babu kowa ta faɗa wa akuya. Na sha jin ta tana ce wa akuya, “Wasu dai sun bar hurassu ƙuda na sha,” sai in tashi in ɗauki furata. In na gaishe ta takan amsa wa bango. Na san al'ada ce, kowa ya sani, kuma ba ni kaɗai ba ne ɗan fari a Gobir. Amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba. Babanmu ya rasu ina shekarar ƙarshe a makaranta, Garba ya riƙe gandu, ni kuma na ƙudura cewa za ni zauna inda idona zai riƙa ganin Inna.

Shekarar nan tun da bazara aka san za a sha wuya, don abin da aka girbe bara bai taka kara ya karya ba. Garba ya yi binne a gonar tudu, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa ya same shi a ciki. Aka yi wani yayyafi marar kunya wanda ya isa ya tada iri amma bai isa ya raya shi ba. Duk ya ƙone. Muka sake shuka bayan ruwan gaske, ni ina sara da sungumi Garba yana bina da iri, yana dariyar ramukana. Wai wasu kamar za a binne tulu, wasu ko kaza ta fi ni tono. Hannuna da ya saba da safar roba ya yi kanta, ta fashe, ta sake yi. Goggo ta riƙa shafa mini man shanu tana mita. “Mun kai ka boko don ka huta da kalme, ka dawo kana ƙwace wa mutane kalme.”

Muka yi noman fari, gero ya yi kyau har mutum ya ji daɗin kallonsa. Sai ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa mana ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga wani gari, sannan ya watse. Ganyen gero ya nannaɗe. Da rana ƙasar gona ba ta takuwa ba takalmi. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, tsofaffi da riguna a juye, aka dawo ana duban sama. Garba ya daina barin kowa ya ga cikin rumbu. Shi kaɗai ke hawa, ya sauko da abin da ya sauko da shi.

Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya zama kunu mai ɗan kauri da ake kira tuwo don a girmama shi. Mata suka shiga daji. Tafasa, rama, yaɗiya, duk abin da ke kore aka tsinko shi, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Aka kai ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya saki, kuma ko ya saki yana nan. Fulanin da ke zaune a gefen fadama suna kawo nono su karɓi dusa, da dusar ta ƙare suka ci gaba da kawowa haka nan, don Inna tasu ce. Yanzu yaran asibiti in na ba su labarin anza sai su ce mece ce. Yunwar tana nan, ta dai canza kaya. A da ruwa ke hana mu hatsi, yanzu gonar tudun nan tamu ko ruwa ya yi kyau ba mai iya zuwa noma ta saboda tsoron 'yan bindiga, rabin mutanen Turba ma a nan Isa suke kwana.

Tun makon da na iso aka mai da zauren gidanmu asibiti. Maza suna zuwa da gwaiwa da ciwon baya, uwaye suna turo yara masu zazzaɓi. Amma wani abu ya riƙa ba ni dariya. Babu macen da ta taɓa zuwa da ciwon kanta. Sai dai tsohuwa ta zo ta zauna nesa ta ce, “Wata ta, can unguwar gabas, tun da ta haihu abu kaza ka damun ta.” In na ce a kawo ta in duba, sai a ce ai ta yi tafiya. Ko miji ya zo yana sosa ƙeya ya ce matar wani abokinsa ce. Na ce wa Garba, garin nan “wata” ta fi kowa ciwo. Muka yi dariya, na ci gaba da karatun jarrabawata a gindin bishiyar bedi.

Ruwa da ya tashi dawowa bai dawo da hankali ba. Ya kwana ya wuni yana zuba, katangu suka zube, rafin da ke tsakaninmu da hanyar Isa ya cika ya tumbatsa har masu fito suka ja jiragensu tudu suka ce ba da su ba. Ciyawa ta taso wa geron da ya rage, kowa ya fita maimai, wato noma na biyu, da cikinsa ba komai. Matar Garba, Luba, tana da tsohon ciki na fari a lokacin. Yarinya ce mai fara'a, ina jin dariyarta ta bayan zana, amma ni yayan mijinta ne, don haka in ta hango ni ko da kaya a kanta sai ta juya ta ba ni baya har in wuce.

Muna gonar bayan gida da hantsi, laka har idon sawu, sai ga Goggo da kanta tana tafe tana dafa kara. Goggo ba ta zuwa gona. Garba ya yar da kalme.

“Luba ta sauka, ɗiya mace,” in ji ta. “Mabiyiya ma ta hito. Amma jini ya ƙi tsayawa. Garba, nemi yadda za a kai ta Isa.”

Garba ya dubi wajen rafi, ya dube ni. Ban tsaya jin sauran ba. Na ruga gida, na wanke hannu a bakin randa, na tono kwalbar allurar tsai da jini da nake binnewa a jiƙaƙƙen yashin gindin randar don kada zafi ya kashe ta. Na nufi ɗakin Luba ina cewa a ba ni hanya.

Muryata ta ji. Daga cikin ɗaki, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, “Inna, don Allah kada Yaya shi shigo.”

Na ce, “Luba, ni likita na. Wanga shi na aikina.”

“Kada shi shigo. In ya shigo tashi za ni yi.”

Kuma na ji motsinta, tana ƙoƙarin tashi ta jawo zane. Duk yunƙurin da ta yi jini ne ke ƙaruwa, na san haka kamar ina gani. Garba ya iso yana haki, ya tsaya nesa da ƙofa kamar yadda miji ke tsayawa, ya ce, “Luba, ni na yarda, bari shi shiga.” Ta fashe da kuka ta ce gara ta mutu. Ba da wasa ta faɗa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga ni da abin da na yi shekaru ina koyo, ga mace tana zubar da ranta taku kaɗan daga inda nake, abin da ke tsakaninmu asabari ne na kara wanda ɗan akuya ma ke ture shi.

Na durƙusa a bakin ƙofar na ba ɗakin gefe. Goggo ta tsufa, hannunta rawa yake yi, kunnenta kuma ya yi nauyi. Mai ƙarfin hannu a ɗakin Inna ce. Na ɗaga murya na ce, “Goggo, gaya mata ta sa hannu ƙasan cibiya ta lalubo mahaifa.”

Goggo ta ce, “A sa mi?”

Na maimaita. Ta juya ta faɗa wa Inna rabin abin da na ce, rabin kuma nata ne. Na sake cewa, “Goggo, gaya mata...” Sai na ji wata murya dab da asabarin, a hankali, ba rawa a cikinta.

“Hwaɗi. Ina ji.”

Inna ce. Ni take yi wa magana. Ban samu lokacin jin komai ba a sa'ar, sai daga baya.

Na ce, “Inna, ƙasan cibiya. Mi kij ji?”

“Taushi. Kamar ƙullun da ya sha ruwa.”

“Murza shi da ƙarfi. Kada ki ji tausayinta, ko ta yi kuwwa. Murza har shi yi tauri.”

Luba ta yi ƙara, na ce a ci gaba. Na sa Goggo ta ɗora jaririyar a nono. Na sa aka turo mini mabiyiyar a ƙwarya ta ƙarƙashin asabari, na juya ta a hasken rana na ga ba abin da ya rage a ciki, na yi hamdala. Saura allura. Na ce, “Luba, ba ni shigowa. Hannunki kawai za ki miƙo.” Sai Inna ta ɗaga gefen asabarin kaɗan, ta turo hannun har kafaɗa. Sanyi ƙalau, tafin fari fat a ƙarƙashin tsohon lalle. Na yi allurar, na riƙe wuyan hannun ina jin bugun jini siriri yana gudu.

Haka muka zauna har rana ta take tsaka. Ni ina tambaya, Inna tana amsawa. Ya yi tauri? Ya yi. Ya sake saki? Ya ɗan saki. Murza. Tsumma nawa ya jiƙe, ja ne ko ya fara duhu? Ba ta taɓa cewa ba ta gane ba, ba ta kuma ƙara kalma ɗaya a kan abin da na tambaya ba. Can ta ce, “Ya tsaya.” Na ce ta dai bar hannunta a wurin. Bugun da ke ƙarƙashin yatsuna ya fara cika. Aka dama ruwan gishiri da ɗan sukarin da Garba ya samo a maƙwabta, aka riƙa ba ta da ludayi. Da rafi ya faɗa muka kai ta Isa a amalanke, aka ƙara mata jinin mijinta.

Washegarin haihuwar na shiga gida da sassafe na gaida Inna, zuciyata cike da tsammani. Ta amsa wa bango. Da rana na ji ta tana gaya wa akuya cewa wasu sun bar takalminsu a hanya. Wallahi sai da raina ya ɓaci, na koma zaure.

Da marece na sami Goggo tana tsinke tafasa, na sauke mata fushina. Na ce, “Goggo, da yarinyar ga ta mutu hwa? Kunya ta a ce da wanga?”

Ba ta ɗago ba. “Sanda, zauna in tambaye ka. Cikin Turba wace mace ta ba ka haɗa komi da ita ba?”

Na fara lissafi da yatsa, ta katse ni.

“In ba innarka ba ta, goggonka ta. In ba matar ƙanenka ba, ɗiyar abokin babanka ta, ko wadda tag goya ka. Dangin uwarka sun kai Unguwar Lalle, na ubanka sun cika Isa, mun aurar har Sabon Birni. Kana ganin ba su zuwa asibiti? Suna zuwa in ta ɓaci. Akwai namiji can mai amsar haihuwa, suna kwanta mai, don baƙo na. Ba su san uwatai ba, ba su gamuwa da shi wurin suna. Kai ko, ran da anka ce ɗan Hajo na cikin ɗakin ga, ko mai zuwa da sai ta zamna gida.”

Na ce ai za su saba.

“Za su saba,” in ji ta, “bayan an rufe nawa?”

Ta ci gaba da tsinke tafasarta. Na tuna da “wata” ta unguwar gabas, wannan karon ban yi dariya ba. Ashe abin da na ƙulla tun daga makaranta ba ya ƙulluwa. In ina son ɗakin haihuwa, sai in tafi inda ba a san uwata ba, in zama baƙon wasu. In ina son gida, sai in bar aikin da hannuna ya fi iyawa.

Sauran daminar da wannan na yi noma. In kama kunyar gona guda ina cewa tafiya za ni yi, ko'ina mata suna haihuwa, rai kuma rai ne, kafin in kai ƙarshenta na koma cewa zama za ni yi. Garba ya ce in tafi abina, shi yana nan, ai ba a rasa mai kula da Inna ba. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta yi mini zafi. Na lissafa fannonin da za su iya zama da ni a ƙaramin asibiti, na ga wanda garin ya fi nema a fili yake, yana zaune a zaurenmu kullum. Yara. Watan nan na yunwa sun zo da kumburin ƙafa, da gashi ja, da zazzaɓi mai sa shiɗewa. Uwayen da ba su iya gaya mini ciwon kansu, a kan ɗansu sai su zauna gabana su yi bayani tiryan-tiryan har da gardama. Na raka ƙananan gawarwaki maƙabarta a damina ɗaya fiye da yadda nake so in tuna.

Matsalar ita ce ba na son fannin yara. Tun ina ɗalibi nake gudunsa. Jijiyarsu ba ta samuwa, ba su iya cewa ga inda ke ciwo, kuma yaro yana wasa da safe kafin azahar ya tafi. A ɗakin haihuwa yawanci da murna ake fita. A ɗakin yara na san abin da za ni riƙa gani duk watan takwas har in tsufa.

Abu ɗaya nake so in sani kafin in yanke, shi ne ko Inna tana son in zauna. Na aiki Goggo. Na ce ta tambaye ta a hankali, in ba kowa. Goggo ta je ta dawo ta zauna tana gyara ɗankwali.

“Mi tac ce?”

“Ta ce mi a ruwanta, ɗana na ba nata ba. Ta ce ka tai inda aikinka yake.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. To mi kaka so ta ce, Sanda? Ta ce tana son ɗanta na hwari kusa da ita, gari shi ji?”

Na san ba ta da wata amsar da za ta iya bayarwa. Amma kuma mai yiwuwa ne iyakar abin da ke ranta ke nan. Ta yaya za ni sani? Mace ce da na yi shekara kusan talatin ban ga tsakiyar idonta ba.

Gero ya yi bununi, ya yi ido, aka fara karyo tumu. Ranar da aka gasa na farko duk gidan ya cika da ƙanshi, yara suna murzawa a tafi suna hurawa, bakinsu baƙi da toka. Ina zaune a kan turmin da aka kifar ina kallo sai na ga Inna ta ɗauki taɓarya za ta yi sussukar sabon gero. Ta yi 'yan bugu, ta tsaya, ta dafa taɓaryar tana maida numfashi, ta duba ko wani ya gani, ta ci gaba. Ban taɓa ganin ta tsaya a tsakiyar daka ba. A wurin na gama shawara. Ban san ko tana so ba, amma ni ina so. Ko bango za ta ci gaba da amsa wa, ina so in zama ina jin amsar. Da na koma Sakkwato na rubuta jarrabawar fannin yara.

Ba za ni ce ban yi kewa ba. Shekarun horon nan, in na bi ta gaban ɗakin haihuwa na ji kukan fari na jariri, ƙafata kan rage sauri da kanta. Har yau haka ne. Fannin yara kuma ban fara son shi ba sai da na daɗe a ciki, shi ma ba kullum ba. Da na gama aka yi mini tayin zama a birni, na ce Isa za ni. Wani malamina ya dube ni kamar na ce za ni shiga rijiya.

Ranar kasuwar farko bayan na kama aiki, layi ya kai bakin ƙofa, zafi kamar a gasa gurasa. Nas tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ni kaina a sunkuye. Aka zauna a kujerar gabana. Na ɗago, sai ga Inna, da mayafinta na zuwa biki, ta sauko da ɗan Luba na uku daga baya ta ɗora a cinya. Yaro ƙato, kumatu kamar an hura, yana cin ƙosai.

Na buɗe baki za ni gaishe ta irin ta gida, ta riga ni.

“Likita, ina kwana.”

Idonta a cikin nawa. Ba bango, ba akuya. Na ga ashe idanun nata ba baƙaƙe ba ne sosai, ruwan ƙasa ne, kuma na hagu ya fara yana.

Na ce, “Lahiya lau. Mi ad damun shi?”

“Bai cin abinci.”

Yaron ya kai sauran ƙosan baki. Nas ta juya ta ba mu baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Na duba shi. Na duba ido, na duba kunne, na saurari ƙirji gaba da baya, na danna ciki, na sake duba kunnen. Ina yi ina tambaya, tana amsawa, tana ƙarawa da nata. Ta tambaye ni ko zafin ga bai yi wa yara yawa, ko ruwan Isa yana da kyau, ko a nan kusa likita yake kwana, wa ke dafa mishi. Duk tana kallona, a hankali, kamar mai duba ƙwaryar da za ta saya. Ni kuma na ƙi saurin cewa yaron lafiyarsa lau.

Da na gama na ce, “Ba wani abu na ba. Amma a dawo da shi kasuwa mai zuwa in sake dubawa.”

Ta mai da shi baya ta ɗaure zane. “To, likita. Sai dai ƙila ƙanwatai za ni kawowa. Ita ma ba ta cin abinci.”

Ta dawo kuwa. Daga Turba, a bayan amalanke, daga baya a bayan babur, rani da damina, duk ranar kasuwa in dai rafi ya bari. A gida ba abin da ya canza, in na je gaisuwa bango take amsa wa har ta bar duniya. Da 'ya'yan Garba suka girma suka fi ƙarfin goyo sai ta koma aron na maƙwabta. Marasa lafiya uwayensu ke kawo su. Ita masu lafiya take kawo mini, ta bi layi kamar kowa, ta zauna.